Zuma ce, rina ce, ko zanzaro? Amsoshin tambayoyinku kan ƙwari masu harbi

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk a kan ƙwari masu ƙari suke. Kafin mu shiga cikinsu, ga abin da zai rage wa mai karatu fargaba. Masana sun ƙididdige nau'in ƙudan zuma kusan 20,000 a duniya, kuma mafi yawansu ba sa yin zuma, ba su da sarauniya, ba su da runduna. Mace guda ce ke gina ɗakinta, ta zuba abinci, ta yi ƙwai, ta rufe, ta kama gabanta. Haka abin yake a dangin rina. Mai zaman kaɗaici ba ya tsare gida da faɗa, mai runduna shi ne abin kiyaya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ganin ƙwari iri-iri a kan furannin lambuna, duk masu ratsin baƙi da rawaya. Ta yaya zan gane wanne ne ƙudan zuma, wanne ne rina? Daga wani mai lambu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka fara ajiye maganar launi a gefe. Ratsin baƙi da rawaya tambarin gargaɗi ne da ƙwari da yawa ke yawo da shi, har da waɗanda ba su da ƙari ko kaɗan. Kama da wane ba ta wane.

Dubi jiki. Ƙudan zuma da 'ya'yansa daga fure suke samun abinci, don haka ƙirjinsa gashi ne buzu-buzu, kuma in ka sa madubin ƙara girma za ka ga kowane sili yana da 'yan rassa da garin fure ke maƙalewa a jiki. Rina da zanzaro kuwa mafarauta ne, nama suke kai wa tsutsotsinsu. Jikinsu sumul yake, yana sheƙi, ƙugunsu a tsuke ƙwarai. Sai ka koma kan ƙafafun baya. Ma'aikaciyar zumar amya tana da wani faffaɗan wuri a ƙaurinta inda take dunƙule garin fure, za ka ga curi rawaya ko ruwan goro a kowace ƙafa. Rina ba ta ɗaukar wannan kaya. Ƙafafunta sirara ne dogaye, in tana tashi sai su riƙa reto a ƙarƙashinta. In ta sauka kuma, naɗe fikafikanta take yi su zama kamar tsinke biyu a gefen jiki, shi kuwa ƙudan zuma shimfiɗa nasa yake yi a gadon baya.

Akwai na uku da ya fi ruɗar mutane, wato ƙuda tsantsa da ya ari rigar zuma. Fikafikansa biyu ne, na zuma da rina huɗu ne. Idanunsa manya sun kusan cinye kan, 'yan ƙahonninsa gajeru ne har da ƙyar ake ganinsu, kuma yana iya tsayawa cak a iska sannan ya zille gefe. Ba ya harbi, tsutsotsin da yawa daga cikinsu ma ƙananan ƙwarin da ke tsotse ruwan ganye suke ci.

In kana son tabbaci, kife kofin gilashi a kan ƙwaron, zura kwali ta ƙasa, ka sa shi a firji na minti 10 zuwa 15, ban da sashen ƙanƙara. Sanyi zai kwantar da shi. Ɗauki hoto ta sama, ta gefe da ta fuska, da rula a kusa don a ga tsawonsa, sannan ka sake shi a waje. Manhajar iNaturalist mai gane halittu daga hoto tana taimakawa, amma sau da yawa iyakarta dangin ƙwaron, ba ainihin nau'insa ba.

Tambaya: Wani ƙaton baƙin ƙwaro mai gunji yana huda katakon rufin barandarmu, gari na zubowa ƙasa. Wani kuma yakan zo ya tsaya a saitin fuskar mutum. Yara sun daina zama a wurin. Daga wata uwargida.

Amsa: Hajiya, wannan ƙudan zuma ne mai huda itace, masana na kiran danginsa Xylocopa. Tsawonsa yakan kai santimita 2 zuwa 3, bayan cikinsa baƙi ne mai sheƙi, wasu da ratsin gashi fari ko rawaya. Wanda ke tsaya miki a fuska namiji ne yana tsaron yankinsa, kuma ba shi da ƙari. Babu namijin zuma ko na rina da ke harbi, domin ƙari asalinsa bututun ƙwai ne na mace. A wasu nau'o'in namijin gaba ɗayansa rawaya ne, sai a ɗauka wani ƙwaro ne daban. Macen tana da ƙari, amma sai an damƙe ta ko an danne ta.

Ramin kansa shaida ne. Bakinsa zagayayye ne tsaf kamar an sa injin huda, faɗinsa wajen santimita 1 ko ɗan fiye. Yana shiga kamar santimita 2, sai ya karya kwana ya bi tsawon katakon. A ciki take jera ɗakuna, kowanne da curin garin fure da ƙwai guda, ta raba su da bangon da ta yi da garin katako. Ba cin katakon take yi ba, shi ya sa garin ke zubowa. Rami guda ba ya karya rufi. Ɓarnar tana zuwa ne in an bar su suna komawa wuri ɗaya shekara da shekaru, suna ƙara tsawon ramin da rassansa har ya haura mita guda.

Kuskuren da aka fi yi shi ne toshe rami alhali akwai 'ya'ya a ciki. Za su ƙyanƙyashe, su huda wata ƙofar, rami ya zama biyu. A jira sai 'ya'yan sun fita, an daɗe ba a ga shiga da fita ba, garin ma ya daina zuba, sannan a buga ɗan itace daidai bakin ramin da gam, a shafe katakon da fenti mai kauri, musamman ƙasansa da bakin da aka yanka. Busasshen katako mara fenti suke nema. In da hali a jingine musu wani busasshen gungume nesa da ɗaki, domin suna cikin waɗanda ke iya girgiza fure da gunjinsu har garin furen ya zubo, aikin da furen tumatir ke buƙata, wanda zumar amya ba ta iyawa.

A hotunan intanet za ki ga wani mai kama da shi, amma mai gashi har bayan ciki, ana kiran danginsa Bombus. Na ƙasashe masu sanyi ne da tsaunuka, babu shi a Afirka kudu da Sahara.

Tambaya: An ce mini zanzaro ba ya haihuwa, tsutsa yake ɗaukowa ya rufe a ɗakin laka ta rikiɗe ta zama ɗansa. Na fasa wani gidan, na tarar da gizo-gizo cike. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗanmu, ka yi abin da ya dace da ka fasa ka duba. Wanda ya fara wannan magana ya ga rabin gaskiya ne: ya ga an shiga da tsutsa, ya ga zanzaro ya fito, bai ga ɗan ƙwan da ke tsakani ba.

Magina da laka iri biyu ne da aka fi gani a gidaje, kuma ginin kowanne ya isa ya nuna shi. Na farko baƙi ne da rawaya, ƙugunsa kamar zare, dogo, sau da yawa rawaya. Danginsa Sceliphron. Yana jera ɗakuna masu siffar yatsa, kowanne wajen santimita 3, gefe da gefe, daga baya ya yaɓe su da laka su zama curi guda. Shi ne mai gizo-gizo. Macen tana harbin gizo-gizon da dafin da ke shanye jiki ba tare da ya kashe ba, ta cusa su a ɗaki, daga 'yan ƙalilan zuwa sama da 20 in ƙanana ne, ta manna ƙwai guda a jikin ɗaya, ta rufe. Hikimar shanyewar ita ce naman ba zai ruɓe ba kafin tsutsarta ta cinye shi. Bayan ta ƙoshi sai ta saƙa wa kanta kwanso mai ruwan ƙasa, ta rikiɗe a ciki, ta huda lakar ta fito.

Na biyu maginin tulu ne. Ɗakinsa zagayayye ne da ɗan wuya mai buɗaɗɗen baki, sak ƙaramin tulu. Dangin Delta da Eumenes ke nan, kuma su tsutsar ganye suke tarawa. Macen takan fara rataye ƙwanta da siririn zare daga rufin tulun, sannan ta zuba tsutsotsin. Wannan ne tushen labarin da aka ba ka.

Gidan da ka ga huji a jikinsa, mai shi ya riga ya fita. Wani lokacin za ka ga wani zanzaro shuɗi mai ƙyalli yana shiga tsohon gida, wannan ɗan haya ne, gyara na wasu yake yi ya zauna. Dukkansu ba sa tsaron gida, kana iya kankare lakar da wuƙa ko uwar tana kallo, babu buƙatar maganin feshi. Inda suke da illa shi ne son da suke yi wa rami da bututu: hancin injin da aka daɗe ba a tayar ba, ramin soket, bututun iska. A 1996 wani jirgin Boeing 757 ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu, kuma masu bincike sun yi zargin cewa gidan zanzaro ne ya toshe bututun auna gudu yayin da jirgin ke ajiye. Duk injin da za a ajiye, a rufe bakin bututunsa.

Tambaya: Akwai wani gida mai ramuka kamar saƙar zuma, launin toka, yana rataye a ƙarƙashin rufin shagona, da jajayen ƙwari dogaye a kai. Zuma ce? Daga wani mai sana'a.

Amsa: A'a Malam, gidan rina ne, kuma a nan ne ake taka-tsantsan. Saƙar zuma da kaki ake yinta, tana rataye a tsaye, ramukanta na kallon gefe ta fuska biyu. Ta rina takarda ce: suna kankaro zaren busasshen itace, su tauna da yawu, su gina faifai guda mai ramuka suna kallon ƙasa, rataye da ɗan siririn wuya. Ba zuma a ciki, tsutsotsi ne. Ramukan da ka ga an rufe da farin murfi, 'ya'yan da suka kusa fitowa ne. Wuyan nan baƙi ne mai sheƙi saboda wani ruwa da suke shafa masa don hana tururuwa hawa. Masu irin wannan gini su ne dangin Polistes da Ropalidia, da Belonogaster mai dogon ƙugu wadda ta yawaita a Afirka.

Rundunarsu ba ta da yawa, daga gomiya zuwa ɗari da wani abu, amma ƙarinsu ba shi da ƙugiya irin na zuma, don haka guda ɗaya tana iya harbi sau da dama. In gidan yana can sama, nesa da ƙofa da hanyar mutane, ra'ayinmu a bar shi, domin suna kwashe tsutsar ganye da yawa a gona da lambu. In kuwa yana inda ake wucewa, a cire shi tun yana ƙarami da mace ɗaya ko biyu a kai. Dogon sanda ya isa.

Babban gida sai da dare ko da asuba, lokacin da duk suka dawo kuma sanyi ya sa sun yi laushi. Sa kaya masu kauri, rufe wuya da fuska, ɗaure bakin wando da hannun riga. Kada ka riƙe tocila a hannu, ajiye ta can gefe tana haska gidan, domin haske suke bi. Kada ka hau tsani, faɗowa ta fi harbin illa. Fesa maganin ƙwari daga nesa, ka bar wurin, washegari ka kankare gidan har da wuyansa. Fetur da wuta kuwa kada ma ka fara, rufin zai riga rinar ƙonewa.

Gidan da aka lulluɓe shi da takarda kamar ƙwallo, da ƙofa guda, ko wanda ƙwari ke shiga da fita ta rami ɗaya a ƙasa ko bango babu ƙaƙƙautawa, wani lissafi ne daban. Na dangin Vespula ne ko Vespa, da aka fi sani a Turai, Asiya, Amurka da Arewacin Afirka, kuma ciki na iya ɗaukar ɗaruruwa zuwa dubbai. Wannan aikin ƙwararre ne.

Tambaya: Wasu mitsi-mitsin baƙaƙen ƙwari suna fitowa ta wani ɗan bututu a tsagar bango, suna sauka a jikin mai gumi. Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Malama, galla ce, wato ƙudan zuma mara harbi. Nau'insu ya kai 500 a ƙasashe masu zafi, ƙananan cikinsu ba su wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Gishiri da ruwan gumi suke so. Bututun ƙofarsu ce, da kaki da ƙaron itace suka gina shi, za ki ga masu gadi a bakinsa. Suna da sarauniya da runduna, amma ƙarinsu ya shafe, iyakarsu cizo ko shiga gashi. Zumarsu a 'yan tukwanen kaki suke ajiye ta, ta fi ta amya ruwa da ɗan tsami, kuma kaɗan ce ƙwarai, ba ta kai a fasa bango saboda ita ba. Ba sa ɓata gini, a ƙyale su.

Tambaya: Wani abu yana yanke gefen ganyen furannina zagaye-zagaye kamar da almakashi. Daga wani mai shuka furanni.

Amsa: Ƙudan zuma mai yankan ganye ne, dangin Megachile. Tsutsa tana barin gefe a yage da kashi a kusa, shi kuwa yankansa sumul yake. Dogayen yanka na bangon ɗaki ne, zagayayyu na murfi. Za ka gane macen da garin fure a ƙarƙashin cikinta maimakon ƙafa. Shukar ba za ta mutu ba, kuma feshi ɓarnar magani ne tunda ba cin ganyen take yi ba.

Tambaya: Filin da yara ke wasa ya cika da ƙananan ramuka, ƙwari na ta shawagi ƙasa-ƙasa. Mu fesa magani? Daga wani mahaifi.

Amsa: Alhaji, ka tsaya minti biyar ka kalli rami guda. In ramukan da yawa ne, kowanne da 'yar tsibin ƙasa, kuma ƙwaro ɗaya ke shiga kowanne jefi-jefi, to maƙwabta ne kawai, kowace mace da ɗakinta. Mafi yawan ƙudajen zuma masu zaman kaɗaici a ƙasa suke gida. Wadda ta dawo da ƙafa rawaya zuma ce, wadda ta jawo fara, gyare ko ƙuda rinar yashi ce. Masu shawagin galibi maza ne, kuma cikin 'yan makonni za a neme su a rasa. Busasshiyar ƙasa mara ciyawa suke so, in ana yayyafa wa filin ruwa kullum za su ƙaura.

Abin da za a gargaɗi yara a kai shi ne wani ƙwaro mai kama da babbar tururuwa, mai gashi kamar karammiski, ja da baƙi ko da ɗigon fari, yana gudu shi kaɗai a kan yashi. Macen rina ce mara fikafikai, tana neman ramukan nan don ta yi ƙwai a ciki, kuma harbinta yana da zafi matuƙa. Kada a ɗauke ta da hannu, kada a taka ta babu takalmi.

Tambaya: Zuma ta zo ta dunƙule a reshen bishiyar gidanmu, curi ya fi kan mutum girma. Me za mu yi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, ƙaura suke yi. In amya ta cika, tsohuwar sarauniya takan fita da kusan rabin runduna, su yada zango a reshe yayin da 'yan leƙen asiri ke neman kogo. Sun cika ciki da zuma kafin fitowa, ba su da 'ya'ya ko saƙar da za su kare, shi ya sa a wannan hali suka fi sanyin hali. Daga 'yan sa'o'i zuwa kwana biyu ko uku za su tashi. A janye yara da dabbobi, ban da jifa, ban da hayaƙi ko feshi, a kira mai kiwon zuma ya kwashe su. Amma in kin hango farar saƙa ta fara leƙowa daga cikin curin, sun zauna ke nan, kuma za su fara tsaron gida. In cikin rufi ko bango suka shiga, kada a toshe ƙofar. Za su nemi hanya ta cikin ɗaki, in kuma suka mutu a ciki, kakin ya narke, zumar ta tsiyayo, tururuwa su biyo. Sai an buɗe an fitar da saƙar duka sannan a liƙe.

Tambaya: In an harbi mutum, yaya za a gane abin da ya harbe shi, kuma yaushe abin ya zama na asibiti? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, in ka ga ƙari ya maƙale a fata da 'yar farar jaka a bayansa, zumar amya ce. Ƙarinta yana da ƙugiyoyi, yana tsinkewa daga jikinta, ita kuma ta mutu. Jakar tana ci gaba da tura dafi bayan ta tafi, saboda haka sauri ake so: kankare shi da farce nan take, kada ka tsaya neman reza. Bar wurin, domin ƙarin yana fitar da wani ƙamshi mai kama da na ayaba wanda ke kiran sauran. In babu ƙari a fata, ya fi yiwuwa rina ce.

A wanke da sabulu, a ɗora ƙanƙara da aka naɗe a ƙyalle na minti 10, a cire zobe ko awarwaro kafin hannu ya kumbura. Kumburin da ya tsaya a wurin harbin, ko da ya yi girma ya kai kwana biyu yana ƙaruwa, yakan saɓe cikin mako guda, maganin ƙaiƙayi da na zafi sun wadatar.

Na asibiti shi ne wanda alamunsa suka bayyana nesa da wurin harbin cikin mintuna: borin jini a duk jiki, kumburin leɓe, harshe ko maƙogwaro, shaƙewar murya, numfashi da ƙyar, jiri ko suma. Harbi ɗaya tak na iya jawo haka ga wanda jikinsa ba ya jure dafin. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne matsalar a zaunar da shi, kada a bar shi ya miƙe yana tafiya. Maganinsa allurar adirenalin ce a gefen cinya, ƙwayar ƙaiƙayi ba ta maye gurbinta. Harbi a cikin baki ko maƙogwaro shi ma na gaggawa ne, haka harbi masu yawa a lokaci guda, musamman ga yaro ko tsoho, domin dafin na iya taɓa ƙoda, kuma fitsari mai duhu bayan kwana ɗaya ko biyu alamar hakan ce. Wanda runduna ta biyo kuwa ya rufe fuska, ya ruga a miƙe zuwa ɗaki ko mota ya rufe ƙofa. Kada ya faɗa ruwa, za su jira shi a sama.